Gwaggon Ƙarƙashin Bene Ta Cika

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba a san inda za a kai ƙararsa ba, Injiniya na hawan ƙasa da maiɗakinsa Umma, a madadin ɗaukacin mazauna benen nan, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabta na kusa da na nesa, har da waɗanda suka saba raɓewa jikin katanga suna ɗan jan intanet ba tare da sallama ba, rasuwar Gwaggo. Ta cika ranar Laraba da rana tsaka, a ɗakinta na ƙarƙashin matakala, bayan doguwar jinyar mantuwa da zafin jiki. Ta rasu Injiniya na durƙushe a gabanta, hannunsa ɗaya a kan murfinta.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, Gwaggo ba mutum ba ce, ko da yake akwai mutane a benen nan da ba a taɓa dogara da su kamar yadda aka dogara da ita ba. Tsohuwar kwamfuta ce ta ƙarfe, mai ruwan toka, mai nauyin da sai mutum ya gyara tsayuwa kafin ya ɗaga ta. Ba a kallon fim a kanta, ba a jin waƙa, ba a buga takarda. Aikinta ɗaya ne, aikin rauta: duk saƙon da zai fita daga benen nan zuwa duniya, da duk wanda zai shigo, ta hannunta yake bi, ita ke nuna masa hanya.

Ta fara aiki ne a kamfanin da Injiniya ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan kebul a cikin silin. Da kamfanin ya sauya salo, ya ce ba ya bukatar injuna a ofis, ba ya kuma bukatar masu kula da su, sai aka sallame su rana ɗaya. Shi aka ba shi hannu aka yi masa godiya, ita aka jingine ta a bakin ƙofa tare da karyayyun kujeru. Ya fito da ledar kayansa, ya gan ta, ya wuce. Sai da ya kai bakin titi sannan ya dawo. A kan cinyarsa ta iso gida a bayan tasi. Umma ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, mutane idan sun bar aiki agogon bango suke dawowa da shi."

Ya kwashe tarkacen da ke ƙarƙashin matakala, ya hure mata cikinta, ya ƙara mata ƙofar kebul ta biyu, ya danna maɓalli. Ta yi ɗan jim, sannan ta yi ƙarar nan tata guda ɗaya, tiit, gajeriya, mai ladabi, fankarta ta ɗauki wuuu. Umma ta ce tun da aka ba shi labarin sallamar ba ta ga haƙoransa ba sai a ranar.

Sunan kuwa 'yarsu Auta ce ta raɗa mata, tun tana 'yar makaranta. Ta lura kullum safiya, kafin mahaifinta ya amsa gaisuwar kowa, sai ya fara leƙa ƙarƙashin matakala, ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ya saurara. Wata rana ana neman sa ta ce, "Umma, Baba ya tafi gaida yayarsa." Daga nan ta zama Gwaggo. Har mai benen, wanda bai cika son wasa ba, idan ya zo zagaye sai ya tambaya ko Gwaggo na lafiya.

An saba a ce mamaci mai haƙuri ne ko da a rayuwarsa ba a iya zama da shi. Game da Gwaggo ba sai an yi ƙarya ba. Ba ta taɓa neman hutu ba. Ba ta taɓa kai maganar wani wurin wani ba. Amma babbar baiwarta, wadda Injiniya kan tsayar da mutum a tsakiyar matakala ya yi masa bayaninta ko da yana sauri, ita ce tunawa.

Saƙo, in ji shi, ba ya tafiya a dunƙule. Ko murya ce ko hoto, sai an yayyanka shi ƙanana-ƙanana, fakiti-fakiti, kowane da adireshin inda ya fito da inda za shi. Kiran bidiyo guda ɗaya dubban fakitoci ne, suna bin juna kamar jerin tururuwa. Rauta marar wayo kan tare kowane ɗayansu ta tambaye shi daga ina, zuwa ina, an yarda ka wuce ko ba a yarda ba, ta bi dokoki ɗaya bayan ɗaya kafin ta sake shi. Gwaggo ba ta haka. Na farkon kawai take yi wa tambaya. Sai ta ɗauki adireshin mai aikawa da na mai karɓa, da lambar ƙofar da ya fito da ta wadda zai shiga, ta dama su wuri guda da wani lissafi nata har su narke su zama lamba ɗaya. Lambar nan ita ce lambar aljihu a cikin wani babban kabad da ke ƙwaƙwalwarta, wanda masu sana'ar ke ce wa tebur. A aljihun take ajiye amsa: wannan hirar wance ce da wane, ta nan take bi. Duk fakitin da ya biyo baya, da ta dama shi lambar nan za ta sake fitowa, ta ja aljihun, ta ce wuce. Wani lokaci hira biyu kan faɗa aljihu ɗaya. Ba ta rikicewa, sai ta jera su, ta bi a hankali ta ɗauko wadda ake nema. Hirar da aka gama kuwa, takan ɗan bar mata gurbinta ko za a dawo, sannan ta share ta ba wani.

"Ba ƙarfi gare ta ba," Injiniya kan ce, yana nuna ƙofar ɗakinta da haɓa. "Gane mutane ta iya."

Kuma ana bukatar ta gane su. Benen nan a matse yake tsakanin wasu dogaye biyu da aka gina daga baya, suka tare masa rana suka tare masa sabis. Waya ba ta kamawa a ciki sai mutum ya hau can saman rufi, tsakanin tankunan ruwa, ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Saboda haka Gwaggo ce ƙofar kowa. Ta hannunta Mai Kemis na shagon gaba ke yin odar magani. Ta hannunta Tela na hawa na biyu ke ganin sabon ɗinki ya ce shi ya ƙirƙira. Ta hannunta ɗaliban hawan ƙarshe ke karatu, da abin da suke kira karatu. Da Auta ta yi aure ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa, ta hannunta take shigowa falo kowace yamma, a babban allon da ke jikin bango, tana nuna wa Umma labule da tukwane, daga baya kuma tana juyawa gefe ta nuna yadda cikinta ke girma. Iyalan marigayiyar ba za su ɓoye ba, Injiniya ya nemi alfarma a wurinta, ta riƙa sa hirar Auta a gaban ta kowa. Tela ya yi zargin hakan, amma bai da shaida.

Ciwon ya fara ne da mantuwa. Mai Kemis ne ya fara kawo ƙara. Ya ce zai buɗe shafin oda, mai saye ya shigo, ya juya ya ba shi magani, kafin ya juyo shafin ya mutu, sai ya faro daga farko. Injiniya ya duba, bai ga komai ba. Bayan 'yan kwanaki ɗalibai suka sauko a ayari. Sai kuma fuskar Auta ta fara tsayawa a tsakiyar magana, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, Umma tana ta "Kina ji na? Auta, kina ji na?" a gaban hoton da ba ya motsi.

Da ya zauna ya leƙa teburin sosai, abin da ya gani ya sa ya cire tabarau ya goge ya mayar. Aljihunan duk sun cika da baƙi. Hirarraki ne barkatai, daga adireshin da babu mai su a benen nan, zuwa wurare a duniya da babu wanda ya sani, kowaccensu fakiti ɗaya tak take aikawa ta yi shiru. Ba sa dawowa, ba sa sallama. Ita kuwa Gwaggo ba ta iya wulaƙanta baƙo ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa sai ta yi masa tambaya, ta dama lambarsa, ta ba shi aljihu, ta riƙe masa gurbi ko zai dawo. Aljihun da a da yake ɗauke da hira ɗaya ko biyu, yanzu layi ne a cikinsa mai tsawo, sai ta bi shi tun daga kai kafin ta gano wanda take nema. In wuri ya ƙare, dole ta fitar da wani, kuma ba ta san wanne ne ɗan gida wanne ne ɗan hanya ba.

Injiniya ya yi jinya iyakar ƙarfinsa, iyali suna shaida. Ya faɗaɗa mata teburin har ƙwaƙwalwarta ta ce ba sauran wuri. Ya zaga kasuwar kayan kwamfuta rumfa-rumfa yana neman ƙarin ƙwaƙwalwa irin tata, masu shaguna suna juya samfurin a hannu suna kiran na kusa da su ya zo ya ga kayan tarihi. An daina yin irinta tuntuni. Ya rage mata lokacin jira, ya ce duk wanda ya yi shiru ki share shi da wuri. Wannan maganin ya rage baƙi, amma ya ƙara mata mantuwar 'yan gida, don yanzu duk wanda ya ɗan juya baya ta manta da shi. Ya canza lissafin damun, ko layukan za su rarrabu. Suka rarrabu, suka sake cika. Ya bi ɗaki-ɗaki yana roƙon a ba shi waya da talabijin ya duba, har Tela ya ce masa, "Injiniya, in zargina kake ka faɗa mini kawai." Bai samu komai ba. Ciwon zuwa yake kamar zazzaɓi, ya taso ya girgiza ta, da ya zauna zai bi sawunsa sai ya lafa.

A 'yan makonnin nan muryarta ta sauya. Fankar da ke wuuu a hankali ta koma gurnani, wani lokaci ta yi ƙir, ƙir, kamar mai tari, sannan ta ci gaba. Ya cire mata murfin gefe, ya ɗauko fankar ɗakin kwanansu ya kafa mata. Umma ta haƙura ta yi fifita da murfin kwali, don ta ga idonsa. Abokinsa mai gyara ya ce ya haƙura ya sa sabuwa, ai yanzu akwai 'yan ƙanana farare kamar sabulu. Ya ce to. Ya ce bari dai ya gano inda ciwon yake fitowa, don in bai gano ba sabuwar ma haka za ta yi. Wannan gaskiya ce. Amma ba ita kaɗai ce dalili ba, kuma abokin ya sani.

Ranar Laraba da hantsi ciwon ya taso fiye da kullum. Injiniya na durƙushe a ɗakin nata, allon gyara a gabansa yana ta maimaita layi ɗaya: tebur ya cika, ana zubar da fakiti. In ya danna harafi sai ya jira kafin ya bayyana. A lokacin ne wayar Umma ta yi ƙara a falo. Mijin Auta ne. Hotonsa ya tsaya cak, muryar ta zo a gutsure: "Umma... asibiti... jini ne... sun ce za su..." Sai kiran ya yanke. Cikin Auta bai kai lokacin haihuwa ba, da saura sosai.

Umma ta iso ƙofar ɗakin da takalmi ɗaya.

"Malam, Auta ce. Suna asibiti. Kiran ya ƙi tsayawa. Taso mu hau sama."

"Ki ba ni ɗan lokaci," ya ce, bai juyo ba. "Yanzu zan share teburin. Mu gan ta a babban allo, ita ma ta gan mu sosai."

"Malam, ka bar ƙarfen nan."

"Yanzu-yanzu. Ki yi gaba, ina bayanki."

Ta tsaya ta dube shi. Sannan ta tattare zanenta ta fara hawa.

Ya kamata a faɗa, don masu ta'aziyya kada su ɗauke shi da wata fuska, da gaske yake. Ya san sabis ɗin rufi, murya ce a yayyage da hoto kamar an jiƙa shi. Bai so 'yarsa ta shiga inda za ta shiga da wannan fuskar tasa a ido ba. Ya so ta gan shi zaune a kujerarsa kamar kullum, ya ce mata ba komai, ta yarda. Abin da ya iya ke nan a duniya, ya sa hanya ta buɗe. Ya share teburin gaba ɗaya. Gwaggo ta yi wani numfashi, gurnanin ya sauka. Ya ruga falo ya danna kira, ya ji ya fara shiga, ya ji ƙarar farko. Kafin ta biyu allon ya daskare. Ya koma ya tarar teburin ya sake cika, kamar baho a ƙarƙashin fasasshen famfo.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi wa maƙwabtansa ba. Ya fara zare kebul. Ya zare na ɗalibai. Ya zare na Tela. Ya zare na Mai Kemis, yana jin sa daga shago yana kiran sunansa. Ya bar guda ɗaya tak, wanda ke kai wa falonsa da barandar hawan ƙasa. Ya sake sharewa, ya zuba ido.

Teburin ya cika.

Ta layin gidansa ambaliyar ke shigowa, layin da bai taɓa zargi ba, kuma layin da in ya zare shi ya zare Auta. Yana riƙe da kebul ɗin, bai ja ba bai saki ba, fankar cikin Gwaggo ta yi ƙir, ta yi ƙir, ta tsaya. Wani wari ya taso kamar an ƙona gashi. Allon ya yi baƙi. Ya danna maɓalli. Maimakon tiit ɗin nan nata mai ladabi, sai ta yi dogon kuka, tiiiit, tiiiit, tiiiit, muryar da bai taɓa jin ta yi ba. Ya sake dannawa. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Gwiwoyin Injiniya sun daɗe da yin sallama da matakala. Ranar ya hau su yana jan ƙarfen gefe da ƙyar. A kowane hawa ƙofa na buɗewa. "Injiniya, sabis fa?" "Injiniya, lafiya Gwaggo?" Da ya tura ƙofar rufin, rana ta mare shi a ido. Umma na tsaye tsakanin tankuna, hannunta har yanzu a sama da wayar, amma allon ya mutu.

"Sun shiga da ita ɗakin tiyata," ta ce.

Ya dafa tanki yana haki. "Ta yi magana?"

"Ta yi. Ta yi ta tambaya. Ina Baba, ku ba ni Baba."

"Me kika ce mata?"

"Me zan ce, Malam? Na ce kana wajen Gwaggo."

Ba ta faɗe shi da faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Suka zauna a kan bulo a ɗan inuwar tankin, wayar a tsakaninsu, an jingine ta da takalmin nan ɗaya don kada sabis ya gudu. Inuwar tana matsawa suna matsawa. Babu kebul da zai zara, babu tebur da zai share. Sai da Umma ta zare masa sukundireba daga hannu sannan ya san da ita ya hau. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya leƙo zai yi ƙorafi, ya ga fuskokinsu, ya koma ya rufo ƙofar a hankali.

Rana ta yi sanyi kafin wayar ta motsa. Auta ta fito. Ta zubar da jini da yawa, amma tana numfashi, ta buɗe ido. An samu 'ya mace, 'yar mitsitsiya, an sa ta a kwalbar bakwaini. Likitoci sun ce ba za su yi alkawarin komai ba, a dai jira. Har zuwa rubuta wannan sanarwa, jiran ake yi.

Washegari abokinsa mai gyara ya zo ya duba gawar. Ya haska tocila, ya nuna 'yan gwangwanayen da ke jikin allon cikinta, sun kumbura, wasu sun fashe sun yi tsatsa. Ya kashe tocilar ya ce, "Injiniya, sai haƙuri." Ya jona wata ƙaramar rauta fara da ya zo da ita aro. Ko shayin da Umma ta kawo masa bai huce ba ita ma ta shaƙe. Su biyu suka bi layin barandar, suka ɗaga kai, suka ga kyamarorin tsaron da mai benen ya sa aka kafa kwanakin baya. Masu araha ne. Mai kafawar ya jona su da sabis ɗin baranda ya tafi abinsa. Wasu ɓarayi a wata ƙasa da ba a san ta ba sun shige cikinsu daga nesa, sun mai da su 'yan aike, suna ƙwanƙwasa ƙofofin duniya da sunayen ƙarya, kowane bugu da sabon suna. Aka kira mai benen aka gaya masa. Ya yi salati, ya ce shi dai tsaro ya sayo wa jama'a. Gaskiya ya faɗa. Mai kafawar ya yi abin da aka sa shi. Ɓarayin ba su ma san akwai wata Gwaggo a duniya ba. Injiniya ya juya ko'ina yana neman wanda zai yi wa fushi, bai samu ba.

Da Auta ta samu ƙarfin riƙe waya, Umma ta kira shi sama. Ya hau yana shirya maganar da zai faɗa, a kowane hawa yana gyara ta. Fuskarta ta bayyana, ta rame, leɓɓanta sun bushe, roba a hancinta. Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Baba," ta ce, muryar can ƙasa, "ya jikin Gwaggo?"

Hoton ya tsaya a daidai nan. Bai iya gane ko tsokanarta ce ta kullum ba, ko wani abu ne daban.

"Ta rasu, Auta," ya ce.

Shiru ya yi tsawo. Bai san ko sabis ne ko ita ce ba. Sannan muryar ta dawo.

"Allah sarki. Sannu, Baba. Ka yi haƙuri, ka ji?"

Maganar da ya hau da ita ba ta fito ba. Ya miƙa wa Umma wayar, ya zaga bayan tanki.

Marigayiyar ta rasu ta bar kebul masu yawa a zube, bakunansu a buɗe, ba su san inda za su shiga ba. Ta bar batirin ajiya, abokin zamanta, wanda shi ma jikin ya yi nisa. Ta bar kibod mai giɓin haƙori ɗaya, da fankar ɗakin kwana da har yanzu ba wanda ya yi ƙarfin halin mayarwa. Ta bar Mai Kemis yana tsallaka titi da waya a hannu, da Tela wanda ya koma ɗinka abin da ya sani, da ɗalibai da suka gano wa kansu inda laburare yake. Ta bar jika ɗaya a kwalba, wadda hotonta na farko bai bi ta hannunta ba. Ta kuma bar Injiniya. An cire kyamarorin, ƙaramar farar rautar tana yi wa hawan ƙasa kaɗai aiki da daddafe, ba ta ƙara, ba ta zafi, ba ta bukatar kowa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarsa tun ranar.

Ana sanar da duk wanda ya taɓa yin hira ta hannunta, ta alheri ko wadda ba ya so a ji, cewa ya kwantar da hankalinsa. Teburin a ƙwaƙwalwarta yake, ba a rubuce ba. Da wuta ta bar jikinta duk abin da ta tuna ya tafi tare da ita.

Za a fito da gawar daga ƙarƙashin matakala ranar Asabar da hantsi. Ana bukatar majiya ƙarfi biyu, don Injiniya ba zai iya ɗaga ta yanzu ba. Za a karɓi gaisuwa a saman rufi, tsakanin tankunan ruwa, inda iyali suka fi yarda su jira kiran asibiti. Masu zuwa su taho da lema, su kuma kashe wayoyinsu, sabis ɗin wurin ba ya isar mutum biyu. Ana roƙon kada kowa ya ce ai ƙarfe ne, an riga an faɗa. Kada a kawo shawarar wace sabuwa ce ta fi. Wanda ke da addu'a a bakinsa ya ajiye wa ta cikin kwalba, ita ke bukata.

Daga nan mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa ya tafi da ita. Iyali suna neman alfarma ɗaya a wurinsa: kada ya ɗora ta a sikeli a ƙofar gida. Ya bari sai ya sha kwana.